Bayan cire turmin ƙarshe: yaushe ake fara kurkure baki, kuma da me?

Duk wanda aka cire wa haƙori a asibitin jihar Arewa da ke Garwa, ko a wani ɗakin likitan haƙori a Marwa ko Ngawundere, yakan fito da auduga a baki da takardar magani a hannu. Sau da yawa a takardar akwai layin da aka rubuta «bain de bouche», wato maganin kurkure baki. Mutane da dama suna biyawa kantin magani, su isa gida da ɗanɗanon jini a baki, su buɗe kwalbar nan take. A nan matsala ke farawa, domin kurkurar da ke taimaka wa miki a rana ta biyu ita ce ke ɓata shi a ranar farko.

Haƙorin da Faransawa ke kira «dent de sagesse» shi ne turmin ƙarshe a can ƙuryar baki, biyu a sama, biyu a ƙasa. Yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, bayan sauran haƙora sun riga sun cika wuri. Shi ya sa yakan fito a karkace ko ya maƙale cikin ƙashin muƙamuƙi, har wani lokaci sai an tsaga dasashi kafin a ciro shi.

Gudan jini shi ne murfin mikin

Da zarar an cire haƙori, jini yakan cika gurbin ya daskare. Wannan gudan jinin yana rufe ƙashi da jijiyoyi, kuma a cikinsa sabon nama ke tsirowa. Idan ya fita ko ya narke da wuri, ƙashin yana zama a buɗe. Likitoci na kiran wannan «alvéolite sèche», busasshen gurbi. Yakan bayyana kwana 2 zuwa 4 bayan aikin: zafi mai tsanani da ke harbawa har kunne, warin baki da ɗanɗano mara daɗi, kuma maganin ciwo na yau da kullum ba ya kwantar da shi sosai.

A cire haƙori na yau da kullum, mutum 1 zuwa 5 cikin 100 ne ke gamuwa da shi. A turmin ƙarshe na ƙasa da aka yi wa tiyata kuwa, adadin kan kai kusan 30 cikin 100. Masu shan sigari da matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa sun fi shiga haɗarin.

Awa 24 na farko

Ƙa'idar ranar farko ita ce a bar baki ya huta. Ba kurkura, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba tsotso. Tsotson ya haɗa da shan zoɓo da tsinken roba, da zuƙar ruwan leda, da sigari da shisha, domin duk suna jan gudan jinin waje. A cije audugar da likita ya sa na kamar rabin awa. Idan jini ya dawo, a naɗe wata mai tsabta a sake cijewa. Shayi mai zafi da kunun da bai huce ba suna iya tayar da jinin, sai a jira su huce.

Akwai tambayar da marasa lafiya da yawa ke jin nauyin yi wa likita, ita ce ta alwala. Mai salla yana kurkure baki sau da dama a yini. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin Musulmin arewacin Kamaru ke bi, kurkurar baki sunna ce a alwala, ba ta cikin farillai, don haka barinta na yini guda saboda lalura ba ya ɓata alwala. Daga rana ta biyu ana iya sa ruwan a baki a hankali, ba tare da gurzawa da yatsa ba.

Ruwan gishiri mai ɗumi

Bayan awa 24 sai a fara kurkura, kuma mafi araha shi ne ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi. A tafasa ruwan tukuna a bari ya huce, musamman idan na rijiya ne ko na Binuwai, don kada a kai wa miki ƙwayoyin cuta. A guntsi ruwan, a karkata kai hagu da dama a hankali, sannan a buɗe baki ya zube da kansa. A riƙa yi bayan kowane abinci da kafin barci har mako guda.

An gwada wannan hanya a maƙwabta. Wani bincike da likitocin haƙori na Najeriya, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suka wallafa a 2014 ya raba mutum 120 da aka cire wa haƙori gida uku. Cikin 80 da suka kurkure da ruwan gishiri, 2 ne kawai suka samu busasshen gurbi, yayin da cikin 40 da ba su kurkure ba, 10 suka samu. Waɗanda suka yi sau biyu a rana sun amfana kamar waɗanda suka yi sau shida.

Kwalaben kantin magani

Sinadarin da aka fi gwadawa shi ne kulohekzidin, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1950, a takarda kuma ana rubuta shi «chlorhexidine». Shi ne ke cikin Eludril da Paroex. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta sabunta a 2022 ya nuna cewa kurkura da shi mai ƙarfin kashi 0.12 ko 0.2 cikin 100, kafin aiki da kuma daga awa 24 bayansa, tana rage busasshen gurbi sosai.

Sai dai kowace kwalba da ƙa'idarta. Eludril na asali ana sirka shi da ruwa a ɗan kofin awon da ke zuwa da shi, Paroex kuwa ba a sirkawa. Ba a haɗiye ko ɗaya. Man goge baki yana rage ƙarfin kulohekzidin, don haka a bar tazarar aƙalla rabin awa tsakaninsu. Idan aka daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora da harshe, yana kuma canza ɗanɗano, shi ya sa ba a wuce mako biyu sai da izinin likita. Bétadine ta kurkure baki, mai koriyar kwalba, tana ɗauke da ayodin, don haka mai ciki da mai ciwon maƙoƙo su sanar da likita kafin su taɓa ta. Ruwan ƙamshin baki da ake sayarwa a manyan kantuna, musamman mai giya a ciki, yana ƙona miki, kuma ba ya maye gurbin abin da likita ya rubuta.

Abin da za a nisanta

A gida akan ba mai ciwon haƙori shawarar cusa kanwa, garin taba, kanumfari ko ƙwayar asfirin a wurin. Duk suna ƙona ɗanyen nama ko su ƙazantar da shi, asfirin kuma idan aka sha yana ƙara zubar jini. Gaskiya ne cewa maganin da likita ke cusawa a busasshen gurbi yana ɗauke da sinadarin man kanumfari, amma a auna yake, kuma sai an wanke ramin ake sa shi.

Goro, gyaɗa, kilishi da tsire mai yaji su dakata na wasu kwanaki, domin ɓarɓashinsu na shiga ramin. Kindirmo, fura mai laushi, kunu mai sanyi, ƙwai da ayaba sun wadatar. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40 a ma'auni, a yawaita shan ruwa da kofi. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki daga rana ta biyu, amma a kauce wa gurbin.

Lokacin komawa asibiti

Kumburi yakan ƙaru har kwana 2 ko 3 sannan ya fara saɓewa, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan zafi ya ƙaru bayan kwana uku maimakon ya ragu, ko jini ya ƙi tsayawa duk da cije auduga, ko aka ga ruwan miki da zazzaɓi, sai a koma wurin likitan da ya yi aikin. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ya hana haɗiya ko numfashi, ba a jiran wayewar gari a kansa: a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Wanda ya taso daga Pitoa, Lagdo ko Gidar don a cire masa haƙori a Garwa, ya karɓi lambar wayar ɗakin likitan kafin ya hau mota, ya kuma tambayi ranar da zai dawo a duba mikin.