Abubuwan da ya kamata ka sani game da kwancewar notin fulin gaba a injin turbo

Aikin fulin

Fulin da ke bakin karanshaf yana jan bel, amma babban aikinsa shi ne kashe karkarwa. Duk sanda wuta ta tashi a silinda, fistin yakan hankaɗi karanshaf, ƙarfen ya ɗan murɗe sannan ya ware. Inji mai silinda shida yana wannan bugu sau uku a kowane zagaye. Idan yana zagaye 6,000 a minti, sau 300 ke nan a daƙiƙa. Shi ya sa ake ƙera fulin da ƙarfe biyu da roba a tsakani, wasu kuma da ruwa mai kauri a ciki, don su shanye girgizar. Turbo yana cusa ƙarin iska, don haka kowane bugu ya fi na injin da ba shi da shi nauyi.

Matsi ne ke riƙe shi

Mutane da yawa sun ɗauka ɗan ƙarfen nan da ake sakawa a tsagar karanshaf, wanda makanikai ke kira ki, shi ke hana fulin zamewa. Saiti kawai yake yi. Abin da ke ɗaukar nauyin shi ne matsin da babban notin tsakiya yake yi: idan aka ɗaure shi yakan ɗan miƙe kamar danƙo, ya manne ƙarafan wuri guda. Matsin na raguwa, sai fuskokin su fara gogar juna, su cinye, notin ya ƙara saki.

Wasu injinan ma ba su da ki ɗin sam. Injin Mazda mai lita 2.3 da turbo ya dogara da washa mai ƙurar lu'ulu'u. Na BMW mai suna S55, wanda aka fara sa wa M3 da M4 a 2014, shi ma matsi ne ke riƙe gindin fulin tare da haƙoran sarƙar taimin. Ya yi suna wajen zamewa, musamman a motocin da aka ƙara wa ƙarfi ta kwamfuta. Idan haƙoran suka zame, sai taimin ya goce. Idan abin ya yi tsanani, sai bawul ya yi karo da fistin.

Me ke jawo shi

Yawanci gyara ne. Irin wannan noti sau ɗaya ake ɗaure shi, don ya riga ya miƙe, amma sai a mayar da tsohon. Ko a ɗaure da bindigar iska, a bar ƙa'idar kamfani ta awon ƙarfi da ƙarin kusurwa. Maiƙo a fuskar da ya kamata ta bushe ma ya isa. Sai robar da ta tsufa ta tsage, da sauko da giya da ƙarfi ana cikin gudu, da canza fulin asali da maras nauyi na alminiyam, wanda a ganina asarar kuɗi ce.

Alamu da magani

Fuli na rawa, bel na kuka ko cin gefe, mai na tsiyaya a gaban inji, ko fitilar inji ta kama saboda taimin. Ka ga haka, kashe motar. Ƙara ɗaure notin bai wadatar ba: a ciro fulin, a duba bakin karanshaf da zarensa, a sa sabon noti da sabuwar washa. Masu ƙara wa inji ƙarfi sukan huda gindin fulin su kafa fil, ko su ɗora faranti mai kama kan notin. Farantin yana hana notin juyawa ne kawai, ba ya hana haƙoran zamewa idan bugun ya fi ƙarfin matsin.