Hunturu a Guri: Gyaran gida ya fi kaskon wuta maganin sanyi

Da zarar watan Disamba ya kama, dare kan sauya a garin Guri da ƙauyukan da ke bakin fadamar kogin Haɗeja a Jihar Jigawa. Iskar hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. Masunta da manoman rani ne suka fi jin jiki, sai kuma jarirai da tsofaffi.

Maganin da aka gada shi ne kasko. Bayan an sauke tuwon dare, sai uwargida ta kwashe garwashi ta shiga da shi ɗaki, a saki labule, a toshe taga da tsumma. Ɗaki ya yi ɗumi, amma a nan haɗarin yake.

Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma mai barci kan iya wucewa ba tare da ya farka ba. Ga kuma gobara, idan bargo ko gidan sauro ya taɓa wuta.

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Ingila da Jamus, wutar ba ta kwana da mutane. Tukunya guda ce ke dafa ruwa a wani sashe na gidan, hayaƙinta ya fita waje, bututu ya kai ruwan zafin cikin wasu ƙarafa masu kama da lagireton mota da ke jikin bangon kowane ɗaki. Idan gida ya tsufa, tsatsa kan taru a bututun, ƙarfen ya yi zafi daga sama, ƙasansa ya yi sanyi, sai a wanke ko a sauya su. Duk da haka, masana gini a can na jan hankali cewa sabon ƙarfe ba ya amfani sosai idan zafin na tserewa ta rufi da taga.

Wannan darasin ya shafi Guri kai tsaye. Tsohon ginin ƙasa mai kauri da rufin azara yana shan zafin rana, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Sai dai ambaliya, irin wadda ta auka wa masarautar Haɗeja a 2022, ta rusa gidajen ƙasa da dama, wasu kuma ta cinye gindin bangonsu ta bar su da tsaga. Da yawa sun koma bulo da rufin kwano ba silin, wanda kan gasa mutum da rana, ya huce da zarar duhu ya yi.

Gyaran bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba: a yi yaɓe a cike tsagar bango, a gyara ƙyauren da ya saki, a sa silin ko da na tabarma ne, a ɗaga shimfiɗar yara daga ƙasa. Idan ya zama dole a ji ɗumi, a yi a tsakar gida, ko a fitar da kaskon kafin a kwanta, a kuma bar kafar shigar iska.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororinta na 2018 kan muhalli, ta ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. A Guri, lokacin da ya fi dacewa a nemi magini shi ne kaka, bayan ruwa ya janye, kafin hazo ya sauko.