Murhun lantarki: Abin da ya kamata a duba a bango kafin a ɗora tukunya

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin girki ya shiga sahun abubuwan da ke ci wa magidanta tuwo a ƙwarya a birane. Kalanzir ya yi tsadar da ta sa risho ya koma lungu a gidaje da dama, farashin gas ba ya zama wuri ɗaya, gawayi ma ya bi sahu. Wannan ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa da ke unguwannin da wuta ke ɗan zama suka fara karkata ga murhun lantarki, wanda aka fi sani da kukar lantarki. A yau akan ga irinsa a kicin a wasu jeren amare a birni, ko babba mai kai huɗu da obin, ko ƙarami na kan tebur.

Murhun ba ya hayaƙi, ba ya baƙanta tukunya, ba a kuma fargabar yoyon gas. Sai dai hatsarinsa ɓoyayye ne, domin akasari ba a jikin murhun yake ba. Yana cikin wayar da aka binne a bango, da kuma ɗabi'ar mutanen gida idan aka ɗauke wuta. Duk gidan da ya kula da waɗannan biyun ya rage mafi yawan haɗarin.

Nauyin da murhu ke ɗora wa waya

Babu wani kayan wuta a gida da ke jan lantarki kamar babban murhu. Ƙwan fitila na zamani bai cika wuce wat 15 ba, fankar sama kuwa ba ta cika kai wat 100 ba. Amma kai ɗaya na murhu yana cin wat 1,000 zuwa 2,000, babban murhu mai kai huɗu da obin kuma yana iya kai wat 9,000 ko fiye idan aka kunna komai. A ƙarfin wutar gidajen Najeriya, wato bolt 230, wannan ya kusan amfiya 40.

Soket ɗin bango mai ramuka uku da aka saba gani a ɗakuna an yi shi ne domin amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Abin da ya haura haka zai riƙa gasa soket ɗin da wayar da ke bayansa. Robar da ta lulluɓe wayar takan bushe, ta tsage, wata rana wayoyin su haɗu su yi tartsatsi a cikin bango ko a silin, inda babu mai gani sai hayaƙi ya turnuƙe.

Saboda haka ƙaramin murhun tebur mai kai ɗaya ko biyu, wanda bai wuce wat 2,500 ba, zai iya aiki da soket mai kyau na bango, muddin shi kaɗai ne a kansa. Haɗa shi da firij da butar lantarki a kan doguwar jona guda ganganci ne, domin yawancin irin waɗannan jona siririyar waya ce a cikinsu. Wannan ya shafi 'yan kasuwar da ke ajiye ƙaramin murhu a shago don dafa shayi ko taliya, a tsakiyar atamfa da kwalaye.

Babban murhu kuwa ba a sa masa filogi ko kaɗan. Layinsa daban ake ja masa.

Abin da za a duba wurin saye

A bayan kowane murhu akwai ɗan allo da ke nuna ƙarfin wutar da yake buƙata da yawan wat ɗin da yake ci. Wanda ya dace da Najeriya shi ne mai lamba 220 zuwa 240. Ana buƙatar ƙarin lura da na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam. Ƙananan kayan wuta da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, kuma sukan ƙone da zarar an jona su a nan. Wasu manyan murhunan Turai kuma sukan zo a haɗe don gida mai layi uku, sai ƙwararre ya sauya haɗinsu kafin su yi aiki a gida mai layi ɗaya.

Murhunan iri-iri ne. Akwai mai naɗaɗɗen ƙarfe da ke yin ja, akwai mai faifan ƙarfe, akwai mai saman gilashi, sannan akwai mai aiki da maganaɗisu, wanda tukunyar kanta yake zafafawa. Wannan na ƙarshe ya fi sauri da tattalin wuta, amma ba ya karɓar tukunyar alminiyom ko ta dalma da maƙera ke zubawa. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: idan mayen ƙarfe ya manne a gindin tukunya, za ta yi aiki. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya ya kamata ya tuntuɓi likitansa kafin ya yi amfani da irin wannan murhu.

Gidan da ake yawan tuƙa tuwo a babbar tukunya shi ma ya yi tunani kafin ya ɗauki mai gilashi, domin gogar gindin tukunya a lokacin tuƙi tana karce shi, buguwa mai ƙarfi kuma tana iya tsaga shi.

Yadda ya kamata a haɗa shi

Haɗa babban murhu aikin ƙwararren mai wayarin ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke tantance masu aikin haɗa lantarki a Najeriya tare da ba su takardar shaida, kuma maigida yana da damar neman ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki.

Abu na farko shi ne a ja wa murhun layinsa shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta na gida. A ma'aunin masu sana'ar, wayar fitilu mai lamba 1.5 ce, ta soket mai lamba 2.5, ta murhu kuwa akasari mai lamba 6 ce tare da bureka mai amfiya 32. An amince da wannan ne saboda ba kasafai dukkan kawunan ke ci da cikakken ƙarfinsu a lokaci guda ba. Idan murhun ya fi girma, ko kuma akwai nisa tsakanin kicin da akwatin, akan koma waya mai lamba 10. Sanya babban bureka a kan siririyar waya don kada ya riƙa faɗuwa kuskure ne babba, domin an kashe mai gadi ne an bar ƙofa a buɗe.

Na biyu, ingancin wayar. Kasuwa cike take da wayar da aka yi da alminiyom aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Idan aka kankare ta da wuƙa aka ga cikinta fari, ba ta dace da murhu ba. Araha ba ta ado. A nemi waya mai shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON, daga dillalin da aka yarda da shi.

Na uku, makunnin bango na musamman mai amfiya 45, wanda ke katse wayoyin wuta biyu a lokaci guda. Ana kafa shi a gefen murhu, cikin tazarar da ba ta wuce mita biyu ba. Ba a sa shi a saman murhun, domin idan tukunya ta kama da wuta hannu ba zai iya ratsawa ya kai gare shi ba.

Na huɗu, wayar ƙasa, mai launin kore ko kore da rawaya. Gangar jikin murhu ƙarfe ce. Idan wata waya ta kwance a ciki ta taɓa ta, wayar ƙasa ce za ta kwashe wutar ta sa bureka ya faɗi. Idan babu ita, jikin mai girki ne zai zama hanyar. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita, wasu kuma an ja ta amma ba a haɗa ta da sandar da ake binnewa a ƙasa ba, don haka sai an gwada. Yana da kyau a ƙara da na'urar RCD mai lamba 30mA, wadda ke katse wuta cikin ƙiftawar ido idan ta fara zurarewa.

A ƙarshe, kada layin murhu ya bi ta inbata ko ƙaramin janareta. Ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki ko kai ɗaya ba, batiran inbata kuwa cikin ɗan lokaci murhu zai zuƙe su. Ɗan haya kuma ya sanar da mai gida kafin a fasa bango, musamman inda ake tarayya a mita ɗaya.

Shi kansa murhun a ajiye shi a wuri mai daidaito, nesa da labule da wurin wanke-wanke da tukunyar gas. Idan ya zo da ƙarfen da ake kafe shi a bango, a ɗaura, domin yaro na iya taka ƙofar obin murhun ya rinjayo a kansa. Kafin girkin farko a cire duk ledoji da kwalaye, a kunna obin babu komai a ciki na kamar rabin sa'a tagogi a buɗe, har warin sabunta ya fita.

Idan aka ɗauke wuta

A nan ne gidaje da dama ke yin sakaci. Ana cikin suya sai a ɗauke wuta, uwargida ta sauke niyya ta koma kan gas ko gawayi, a manta maɓallin murhu a kunne. Wutar na iya dawowa da tsakar dare ko bayan kowa ya fita aiki, ta tarar da kaskon mai a kai, ko tsumma, ko kwandon roba da aka ajiye a kan murhun da ake zaton ya mutu. A shago ma haka ne: a rufe da yamma babu wuta, ta dawo babu kowa.

Maganin wannan ƙa'ida ɗaya ce da kowa a gida, har da yara da 'yan aiki, ya kamata ya haddace: da zarar an ɗauke wuta, a mayar da dukkan maɓallai sifili, a kashe makunnin bango, a sauke abin da ke kai. Wannan kuma yana kare murhun daga wutar da kan dawo da ƙarfi fiye da kima, wadda ke lalata masu maganaɗisu musamman.

Murhun lantarki ba shi da harshen wutar da zai gargaɗi mutum, kuma faifansa yana daɗewa da zafi bayan an kashe shi. Don haka ba a mayar da samansa wurin ajiya. A juya hannun tukunya ciki don kada yaro ya janyo, a tattare mayafi da hannun riga mai faɗi, kada kuma a taɓa maɓalli da jiƙaƙƙen hannu ko a tsaya babu takalmi a jiƙaƙƙen daɓe. Ba a barin mai a kan wuta a tafi amsa waya, balle a kishingiɗa a lokacin girkin sahur.

Lissafin kuɗi

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla sa'a 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Kai mai wat 2,000 da ya yi sa'a guda da cikakken ƙarfinsa yana cin yunit biyu, wato Naira 450 a wancan farashi. Mai mita ta kati zai iya gwadawa da kansa ta hanyar duba yunit kafin girki da bayansa.

Ana rage kuɗin ta amfani da tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi daidai da faɗin kan murhu, da rufe ta da murfi, da jiƙa wake kafin dafawa, da kashe murhu mai faifan ƙarfe 'yan mintoci kafin abinci ya ƙarasa, ragowar zafin ya kammala aikin.

Tsafta da alamun gargaɗi

Kafin goge murhu a kashe makunnin bango, a bari ya huce. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu ya wadatar. Ba a kwara masa ruwa, ba a kuma goge gilashi da soson ƙarfe. Abu mai sukari da ya zuba a kan gilashi a cire shi da wuri cikin kula, domin idan ya daskare yakan ci fuskar gilashin. Faifan ƙarfe kuwa a busar da shi bayan gogewa don gudun tsatsa. A riƙa jawo murhun ana share bayansa, domin ɓeraye na gwigwiyar waya, kyankyasai da ƙurar hunturu kuma suna toshe kafofin iskar mai maganaɗisu.

Akwai alamun da ba a jinkiri a kansu: warin ƙonewar roba, makunni ko soket da ke ɗaukar zafi ko ya yi baƙi, bureka da ke yawan faɗuwa, tsagewar gilashi, da ɗan jan da mutum kan ji idan ya taɓa tukunya. Ko ɗaya aka gani, a kashe layin a kira mai gyara. Ɗaure fis da guntun waya ba gyara ba ne.

Idan tsautsayi ya auku

Idan mai ya kama da wuta a kasko, a kashe makunnin bango, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi a wurin har ya huce. Zuba ruwa a kan mai mai ci yana watsa wutar ne har silin. Idan wutar ta fi ƙarfin mutanen gida, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

Wanda lantarki ya kama ba a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunnin gida, ko a ture shi daga wurin da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake sakar mata na kimanin minti 20, ba manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba.

Kuɗin waya mai kyau da makunni da ladan ƙwararren ma'aikaci na iya zama kamar ƙarin nauyi bayan an sayi murhu. Ya fi dacewa a sa su cikin lissafi tun ranar da aka yanke shawarar saye, a kuma jinkirta girkin farko har sai an ja layin, an gwada wayar ƙasa, an nuna wa kowa a gidan inda makunnin bango yake.