Amsa-kuwwa Cikin Akwatin Ƙarfe

Duk wanda ya ƙwala kira tsakanin duwatsun Riruwai, a Doguwa, zai ji muryarsa ta dawo. Sauti kan ci kimanin mita 340 a daƙiƙa. In dutse ya kai nisan mita 17, kunne yakan rarrabe kira da amsa.

Irin wannan amo kamfanin Fender ya sanya cikin amfilifayar jita a 1963, ta hanyar akwatin ƙarfe mai siraran sifirin. Maganaɗisu yakan girgiza sifirin, girgizar ta yi ta kai-komo, sauti ya daɗe bai ɗauke ba.

Idan akwatin ya lalace, kada a yar da na'urar. A nemi wani mai lamba irin tasa, domin lambar ce ke nuna turjiyar lantarkinsa. In turjiya ta saɓa, amo yakan shaƙe.