Ciwon Faratayirod da Kalsiyam: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A bayan tayirod, naman nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Likitoci na kiransu faratayirod. Ivar Sandström, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara bayanin su a jikin ɗan Adam a 1880. Aikinsu fitar da sinadarin PTH, mai ɗaga kalsiyam a jini idan ya yi ƙasa. Yana ɗebo shi daga ƙashi, ya rage wanda ƙoda ke zubarwa a fitsari, ya kuma sa ƙoda ta sarrafa bitamin D don hanji ya tsotso kalsiyam daga abinci. Ga abin da ake faɗa game da ciwon waɗannan ƙwayoyi, da gaskiyar lamarin.

"Ai maƙoƙo ne, gishiri mai aidin zai magance shi." Ba haka ba ne. Maƙwabtaka kawai ta haɗa su da tayirod. Ƙarancin aidin na jawo maƙoƙo, amma ba ruwansa da faratayirod, kuma ciwonsu ba kasafai yake kawo kumburin da ido zai gani ba.

"Kalsiyam ya yi yawa a jini, ke nan ƙashi ya yi ƙwari." Akasin haka ne. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake. Idan PTH ya yi yawa, daga ƙashin ake kwasowa, sai ya yi rauni har ya karye da ƙaramar faɗuwa. Rarar kuma takan taru ta zama tsakuwa a ƙoda.

"Shan nono ne ya jawo, a daina." Wannan ma kuskure ne. Yawanci ƙwaya ɗaya ce daga cikin huɗun ta girma tana zuba PTH ba ƙaƙƙautawa. Ƙaurace wa abinci mai kalsiyam kan ƙara zuga ta.

"Kansa ce." Da wuya. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ke zama kansa, kuma tiyatar cire ƙwayar da ta girma kan warkar da mafi yawan masu ciwon.

"Yakan yi kama da ciwon suga." Gaskiya ne. Yawan kalsiyam na kawo ƙishirwa da yawan fitsari da kasala, har da taurin bayan gida. Ciwon ya fi kama mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

"Aikin maƙoƙo na iya taɓa faratayirod." Gaskiya ne, kuma tiyatar wuya ce kan gaba wajen jawo ƙarancin PTH. Sai kalsiyam ya faɗi, leɓɓa da yatsu su riƙa yi kamar ana sokawa, hannu ya ƙandare, wani har ya yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Wannan ba bugun iska ba ne, a garzaya asibiti. Ana magance shi da kalsiyam da bitamin D, kuma sau da yawa yakan wuce cikin makonni ko watanni.

"Ciwon ƙoda na tayar da su." Gaskiya ne. Ƙodar da ta gaza ba ta iya sarrafa bitamin D yadda ya kamata, sai ƙwayoyin huɗu su ninka aiki.

Alamomi kaɗai ba sa raba gardama. Gwajin jini da ke auna kalsiyam da PTH tare shi ke nuna inda matsalar take. Kafin a yi shi, kada a sayi ƙwayar kalsiyam a kemis don ciwon ƙashi, domin mai yawan kalsiyam a jini ƙara masa ciwo za ta yi.