Karta: Gwaninta Ce Ko Sa'a? Tambayar da Ta Raba Kan Indiya

A watan Agustan 2025 majalisar dokokin Indiya ta haramta wasannin kuɗi ta intanet, har da kartar nan da ake kira foka. Kamfanonin da abin ya shafa suka yi caa, suna cewa tasu ba caca ba ce, gwaninta ce. Wasu kuma suka ce sa'a ce zalla. Kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe.

Gwaninta dai akwai ta. Masanin tattalin arziki Steven Levitt da abokin aikinsa Thomas Miles sun bi diddigin babbar gasar foka ta Las Vegas ta 2010. Waɗanda aka riga aka sani da ƙwarewa sun samu ribar fiye da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da suka zuba, sauran kuwa suka yi asarar kusan kashi 15. A 2017 kuma wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus ta lallasa ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh. Sai dai a lura, sai da aka raba karta sau 120,000 cikin kwana 20 kafin masu binciken su yarda ba dace ba ne.

Nan ne mutane ke ruɗewa. A zama ɗaya sa'a ce ke mulki. Ko da katin as guda biyu ka samu, wanda babu hannun da ya fi shi a farkon rabo, abokin karawa ɗaya zai iya kayar da kai kusan sau 15 cikin ɗari. Kamar noma ne: damina ɗaya mai albarka takan cika rumbun rago, amma bayan damina goma kowa ya san manomin ƙwarai.

To wannan gwanintar da ake tutiya da ita, wa take amfana? Ribar gwani daga aljihun ɗan koyo take fitowa, gidan cacar kuma yana yankar kamashonsa a kusan kowane zubi, ko wa ya ci. Wanda ya ci daren farko ya ɗauka ya iya, shi ake jira gobe.

Da hukumomi sun rage jayayya kan sunan wasan, sun tilasta wa kamfanoni bayyana mutum nawa ke tashi da riba cikin masu zuba kuɗi, da muhawarar ta fi amfanar talaka.