Gidan ɗan kasuwar cuku da ya tsallake wutar yaƙi a Strasbourg

Duk wanda ya tsaya a dandalin babbar majami'ar Strasbourg, a gabashin Faransa daf da iyakar Jamus, sai idonsa ya faɗa kan wani baƙin gida na katako a kusurwa. Maison Kammerzell ake ce masa.

Ƙasansa ginin dutse ne tun ƙarni na 15, amma abin kallon yana sama. A 1589 wani attajiri mai fataucin cuku, Martin Braun, ya ɗora masa hawa uku. Aka kafa ginshiƙan itace, aka gicciya wasu, aka cike tsakaninsu, itacen kuma aka bar shi a fili. Masassaƙa suka bi kewayen tagogi 75 da siffofin makaɗa da jarumai da mutanen tarihi. Wanda ya san gidajen fatake a Damagaram zai gane manufar: mai wucewa ya san akwai dukiya a ciki. Sai dai sunan Braun bai bi gidan ba. Kammerzell mai kanti ne da ya mallake shi a ƙarni na 19.

Gidan itace ba abin da yake tsoro kamar wuta. A 1870 igogin sojojin Jamus suka ƙone babban ɗakin karatun garin, can kusa da shi. A 1944 bama-bamai suka sake faɗawa unguwar. Gidan ya tsira.

Tun 1929 doka ke kare shi, unguwar kuma ta shiga jerin UNESCO a 1988. Yau gidan abinci ne da otel. Mai son ganin zanen da Léo Schnug ya yi a bangon ciki sai ya tanadi kuɗin faranti.